Jagora ga Mai Riƙon Kare Matsoraci, Mai Yawan Tserewa

Duk wanda ya san Yolde Pate, can gefen garin Yola, ya san unguwa ce da gari da gona suka cuɗanya a cikinta, inda gidan bulo mai ƙofar ƙarfe yake maƙwabtaka da gida mai shingen zana, bayansu kuma ga kangon da ba a gama ba, ga masara, ga awaki suna kiwo har gangaren rafi. A irin wannan wuri mutane da dama sukan riƙi kare don ya kwana a tsakar gida ya sanar da su motsin dare, amma sau da yawa akan wayi gari wanda aka kawo don gadi shi ya zama abin gadi, domin da an yi tsawa, ko an buga ƙofa da ƙarfi, ko baƙo ya yi sallama, sai ya haura katanga, a yini ana cigiyarsa daga Shagari har Sabon Pegi. Galibi hukunci guda akan yanke masa, a ce marar amfani ne mai taurin kai, a ba shi kashi, a ƙara masa sarƙa. Wannan hukunci kuwa kuskure ne tun daga tushensa, domin abin da ke fitar da irin wannan kare daga gida tsoro ne, shi kuwa tsoro duka ba ya rage shi, ƙara shi yake yi.

Kafin a shiga bayanin yadda ake yi, ya kyautu a kawar da wani waswasi da ke hana mutum kusantar karensa, alhali ba a yi wa dabba tarbiyya daga nesa. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ake bi a wannan ƙasa tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai kuwa sun ce umurni ne na ibada. Gaskiya ne Risala ta Ibnu Abi Zaidi Alƙairawani ta taƙaita riƙon kare ga mai dabbobi da mai shuka da mai farauta, amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi ya ji wa kansa tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa Imamu Malik ba ya son haka sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. To, wanda larura ta sa ya riƙi kare ya ɗauki amana, cinsa da shansa da inuwarsa duk suna wuyansa, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya isa gargaɗi ga mai ɗaure kare a rana ya tafi kasuwar Jimeta.

Asalin tsoron yakan fara ne tun kare yana kwikwiyo. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin ɗabi'ar karnuka suka fitar da littafinsu a 1965, sun tabbatar da cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi har ƙarshen rayuwarsa, abin da bai saba da shi ba a wannan ɗan lokaci kuwa yakan girma yana ɗari-ɗari da shi. Mu kuwa mun san yadda akan samo kwikwiyo a nan: a raba shi da uwarsa tun bai kai wata biyu ba, a sa shi a kwali, a kai shi bayan gida a rufe wai don ya yi zafi, in ya leƙo yara su bi shi da jifa. Wani kuma gadon uwa ne, haka Allah Ya halicce shi. Ko ta wace hanya abin ya zo, alamarsa ba ta ɓoyuwa ga mai lura: wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta baya, yana lasar hanci, yana hamma alhali ba barci yake ji ba, yana kawar da kai amma yana satar kallonka har farin idonsa ya bayyana, wani lokaci ma fitsari ya kuɓuce masa don kawai ka sunkuyo kansa. In ka ga haka ka ja baya, kada ka miƙa hannu, domin kare matsoraci da aka ƙure shi ya fi jarumin kare saurin cizo.

Aiki na farko gyaran gida ne, tun da ba a horar da karen da ba ya nan. Sai mai gida ya bi gindin katangarsa kewaye guda, yana duƙawa yana duba ta daga inda idon kare yake. Katanga mai ƙafa shida ta ishi yawancin karnukanmu na gida, amma fa in ba a jingina mata tsani ba, tsanin kuwa shi ne ragowar bulon da aka jera tun lokacin gini, da tulin itacen girki, da durom ɗin ruwa, da rufin akurkin kaji. A janye su duka daga jikin katanga. A duba kafar da ruwan tsakar gida yake fita a sa mata raga, a duba tazarar da ke ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, domin inda kan kare ya shiga, galibi sauran jiki zai bi. Mai shingen zana ko darni ya haƙa ɗan rami a gindinsa ya jera duwatsu ko ya binne waya, don wanda bai iya haurawa ba tono yake yi. Hausawa na cewa in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, haka nan in ka gan shi ya lizimci wata kusurwa yana shinshina yana karta, to, nan ne zai fita, ka riga shi.

Amma mafi yawan tserewa ta ƙofa ake yi, a lokacin da mai ruwa ya turo kurarsa, ko aka aiki yaro sayen magi ya fita a guje ya bar ƙofa a hangame. A nan magabata sun riga sun yi mana hikimar da ta fi duk wata dabara, wato zaure, wanda yake da ƙofa biyu. Wanda gidansa ke da zaure ya kafa doka ga kowa da kowa, cewa ba a buɗe ta waje sai an rufe ta ciki, wanda kuma ya yi ginin zamani, ƙofa guda daga titi sai tsakar gida, ya sa kafinta ya yi masa ɗan shinge da ƙyaure a gefen da karen yake zama.

Abin wuyansa kuma ya zama mai faɗi ne, na fata ko na zare mai ƙarfi, a ɗaura shi yadda yatsu biyu za su shiga ba uku ba, a rubuta lambar wayar mai shi a jiki. Kare matsoraci yana da wata dabara da ya kamata a sani, ita ce in ya firgita ba ya jan igiya gaba, sai ya turje ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, abin wuya ya zame ta kunnuwa, ka tsaya da igiya a hannu. Saboda haka in za a fita da shi a ƙara masa ɗamara mai zagaye ƙirji da bayan ƙafafun gaba, wadda duk baduku ko mai gyaran jaka zai iya ɗinkawa in an kwatanta masa. Ita kuwa sarƙa, ra'ayina a kanta shi ne maganin sa'a guda ce, ba mazauni ba. In tilas ta sa, a ja waya tsakanin turaku biyu a ƙarƙashin inuwa, a sa zobe mai zamewa, ga ruwan sha kusa, nesa da katanga don kada ya yi tsalle ya rataye kansa. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kare kuwa ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa. Da damina kuma, waɗanda suka ga ambaliyar watan Yuli na 2025 a Yolde Pate da maƙwabtanta ba sa bukatar a gaya musu halin da dabbar da ke ɗaure take shiga in ruwa ya taso da dare.

Bayan an toshe hanyoyin fita, sai a ba shi wurin gudu a cikin gida, domin mai tsoro dole ya gudu, abin da ya rage shi ne a zaɓa masa inda zai nufa. A samu wani lungu mai inuwa, rufaffe ta gefe uku, a shimfiɗa buhu, a jefa masa tsohuwar rigar mai gida wadda ba a wanke ba. Sharaɗin wannan maɓoya guda ne, amma shi ne ruhinta: in ya shiga, ba mai jawo shi, ba mai zungurarsa da kara, ba yaron da zai leƙa, ko da ɓarna ya yi kafin ya shiga. Ranar da aka fizgo shi daga ciki aka doke shi, ranar lungun ya daina zama maɓoya, shi kuma zai koma neman wata a bayan katanga.

Daga nan sai neman amincewarsa, wanda aikin mutum guda ne da farko, ba na gayya ba. A ba shi abinci sau biyu a yini a kan lokaci tabbatacce, kamar bayan sallar asuba da bayan la'asar, daga hannun mutumin nan. Ya zauna ƙasa nesa kaɗan, ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido, domin a wurin kare ƙura ido barazana ce, ya riƙa jefa masa ɗan abin marmari ba tare da ya ce uffan ba, yau nesa, gobe kusa, har ranar da karen zai tako da kansa ya ɗauka daga tafin hannu. Ko a ranar ma kada a yi gaggawar shafa kansa daga sama, a fara da ƙirji ko gefen wuya, a ɗauke hannu a ga ko zai matso neman ƙari. Abin marmarin ya zama ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa: ɓallin ƙuli-ƙuli, ko dafaffiyar hanta, ko busasshen kifin Binuwai da aka cire wa ƙaya. Ban da kilishi da tsire, saboda yaji da albasa, ita albasa tana lalata jinin kare, ban da kuma ƙashin kaza dafaffe, wanda yake tsagewa ya soki hanji.

Yanzu mun iso zuciyar al'amarin, wato amsa kira. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci horar da dabbobin farauta a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, malaman fiƙihu kuma da suka zo fayyace horarren kare sun ce shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsayar da shi ya tsaya. Mai karen gida rabin wannan kawai yake bukata, ya kira a zo. A zaɓi suna guda da kalma guda, kowa a gidan ya riƙe su, kada wannan ya ce "zo", wancan ya yi fito, wani ya tafa hannu. A fara a tsakar gida, kafin cin abinci, lokacin da yunwa take taimakon malami. Ka tsaya taku biyu daga gare shi, ka kira sau ɗaya da sakin murya, da ya iso ka sa masa lada a baki nan take, domin in ka tsaya laluben aljihu har ya juya, ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Minti biyar da safe, minti biyar da yamma sun wadatar, a kuma tashi tun yana marmari. In ya ƙware a taku biyu a koma biyar, sa'an nan daga ɗaki zuwa tsakar gida, sa'an nan a fita fili da sanyin safiya da igiya mai tsawon kamar ƙafa talatin, a bar shi ya yi ta shinshine-shinshinensa, a kira, a ba shi lada, a kuma sake shi ya koma. Wannan sakewa ita ce sirrin da mutane suke mantawa, domin in kullum kira yana nufin an gama yawo, ko za a ɗaure shi, ko za a yi masa wankan kaska, to, ba da daɗewa ba zai gane cewa maslaharsa tana cikin yin kunnen uwar shegu. In za ka yi masa abin da ba ya so, je ka same shi, kada ka ɓata kiran.

Ladabin ƙofa ma haka ake koyar da shi. Ka sa masa igiya, ka ɗaga lada bisa hancinsa zuwa baya har gindinsa ya taɓa ƙasa, ka ba shi. Sa'an nan ka buɗe ƙofa faɗin tafin hannu. In ya zabura, ka mayar da ita a hankali ba tare da tsawa ba, in ya zauna ka ƙara buɗewa, har ya fahimci cewa zama ne yake buɗe ƙofa, zabura kuwa rufe ta take yi.

Tsoron ƙara shi ya fi wuyar magani, kuma da rani ake fara shi, tun hadari bai taso ba. Masanin nan na Rasha, Pavlov, ya nuna tun farkon ƙarni na 20 cewa kare yakan haɗa sauti da abin da ya saba biyo bayansa, saboda haka in aka sa tsawa ta riƙa zuwa tare da abinci, sannu a hankali ma'anarta takan sauya a zuciyarsa. A samu sautin tsawa a waya, a kunna shi ƙasa-ƙasa, yadda da ƙyar ake ji, lokacin da yake cin abinci, bayan kwanaki a ɗan ƙara. Ma'aunin kuwa bakinsa ne, muddin yana ci ana kan hanya, in ya ɗaga kai ya bar ƙwarya an yi gaggawa, a koma baya. Da damina kuma, da ka ga gabas ta yi baƙi iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, ka shigar da shi maɓoyarsa ka rufe ƙofofi kafin ruwa ya fara dukan kwano. Haka za a yi ranar hawan salla saboda bindigogi, da daren Kirsimeti da na sabuwar shekara saboda wasan wutar yara. Masu cewa in ka rarrashi kare lokacin firgita ka koya masa ragwanci ba su yi daidai ba, zamanka kusa da shi cikin natsuwa taimako ne. In abin ya tsananta har yana fasa ƙyaure yana ji wa kansa rauni, likitan dabbobi yana da maganin kwantar da hankali, amma kada a kuskura a ba shi ƙwayar mutane, domin da yawa cikinsu guba ne gare shi.

Ba kowace fita ce ta tsoro ba. Namijin da ya ji ƙanshin karya mai neman barbara, yanayin da yakan ɗauke ta kamar mako uku, ba katangar da zai ga tsawonta, fiɗiya kuwa tana rage wannan yawo ƙwarai, sai mutum ya shawarci likita da malaminsa. Wani kuma zaman kaɗaici ne ya ishe shi, maganinsa yawo da igiya kullum.

To, in duk da haka ya fita fa? Kada a bi shi da gudu, kada a tara yara a yi masa ihu, domin ba mai cim ma kare da ƙafa, kuma kora tana tura shi ne zuwa babban titi inda motoci da Keke Napep suke, ko wata unguwa inda za a gan shi a firgice, harshe waje, a ce mahaukaci ne a rufe shi da jifa. In kana hangensa, ka tsuguna ka ba shi gefe ka kira shi da muryar da ya sani, ko ka juya ka nufi gida da ɗan sauri, sau da yawa sai ya biyo ka. In ya ɓace, a sanar da maƙwabta da mai unguwa da 'yan sintiri tun ranar, domin kare haja ne a wurin wasu, akwai fatake masu tara su zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙasar Kanke ta Jihar Filato. Da dare a bar ƙofa a sassauce, a ajiye abinci da buhun kwanansa a bakinta, don matsoraci yakan laɓe da rana, sai ƙafa ta ɗauke yake lallaɓowa. Sa'ad da ya dawo kuwa, a nan ne akan rushe aikin wata uku cikin minti guda. Mai gida ya yini cikin ɓacin rai, ga kare ya shigo yana rarrafe, sai hannu ya kai ga bulala. Shi mai gida a ganinsa ladabtarwa ya yi a kan fita, amma kare ba ya danganta azaba sai da abin da ya aikata a daidai lokacin, abin da ya aikata kuwa shi ne dawowa. Ka haɗiye fushinka, ka ba shi ruwa da abinci, ka rufe ƙofa, sa'an nan ka je ka nemo inda ya bi ka toshe.

Bayan ya huta a duba jikinsa ko an cije shi, domin babban haɗarin kare mai yawo ciwon hauka ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Allurar rigakafi ana yi wa kare ita ne yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa ta, sai a je asibitin dabbobi a yi, a kuma adana katin. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar ba tare da an tsaya maganin gida ba, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi. Kuɗin magani kuwa mai kare ya ɗauka ba sai an kai shi gaban mai unguwa ba, domin malamai sun ɗora lamunin ɓarnar kare mai cizo a kan mai shi, balle in an riga an gargaɗe shi.

Wannan aiki na watanni ne, wani karen kuma har ya tsufa ba zai daina ɗari-ɗari da baƙo ba, iyaka dai ya daina haura katanga, wannan kuwa ya isa. Amma in ka auna ka ga ba ka da lokacin, ko gidanka mai yawan shige da fice ne, to, ka nemi manomi ko makiyayi da ka san halinsa, a wajen gari inda hayaniya ta yi sauƙi, ka ba shi kyauta tare da katin allurarsa, ka kuma gaya masa gaskiyar aibinsa. Kada dai, don Allah, ka ɗauke shi a mota ka kai shi hanyar Fufore ka yar.